Firintar 3D Ta Daina Fitar Da Roba? Ga Yadda Ake Gano Toshewar Nozul A Gyara

 A wannan takarda muna taƙaita abin da aka tattauna a filinmu na sana'a da kayan aiki, domin wanda shirin ya wuce shi yana kan hanya, ko yana daji da dabbobi, ya samu ya karanta ko a karanta masa.

Maganar wannan mako ta taso ne daga saƙon wani dattijo makiyayi. Ya ce ɗansa ya gama makarantar koyon sana'a, ya yi ta roƙo har sai da aka sayar da bijimi guda aka saya masa wani inji da ake kira firintar 3D. Yaron ya kafa shi a shagon gyaran waya na abokinsa a bakin kasuwa. Wata biyu injin yana aiki lafiya, yana yi wa mutane maɓallin rediyo, da marfin batirin tocila, da abin riƙe waya a kan babur. Da hunturu ya shigo sai injin ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kansa yana ta kai-komo amma ba abin da ke fitowa. Dattijon ya rufe saƙonsa da tambaya: shin bijimin nan nawa ya tafi a banza ke nan?

Baba, kwantar da hankalinka. Abin da ka kwatanta shi ne ciwon da ya fi kama irin wannan inji a ko'ina, kuma galibi maganinsa ba ya wuce allura ɗaya da haƙuri, ko wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ka sa a karanta wa yaron abin da ke ƙasa. Ku kuma 'yan kasuwa kada ku ce ba ruwanku, domin ta hannunku injin da zarensa suke tsallako iyaka, kuma wani lokaci tun a cikin motarku ciwon yake farawa.

Wane irin inji ne wannan?

Firintar da muka saba da ita tawada take zubawa a kan takarda. Wannan kuwa roba take narkarwa, ta riƙa shimfiɗa ta siriri-siriri, layi bisa layi, har abu ya tashi tsaye a iya ɗaukarsa a hannu. Wanda ya taɓa ganin mai ginin tukunya tana ɗora yumɓu zagaye bisa zagaye ya ga misalinsa.

Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1989. Shekara da shekaru injunan na manyan kamfanoni ne saboda tsada. A 2005 wani malamin Jami'ar Bath a Ingila, Adrian Bowyer, ya fara wani aiki mai suna RepRap, ya bar zanen injinsa kyauta ga duk mai son haɗawa. Da wa'adin waccan rajista ya ƙare a 2009 sai kamfanoni suka yi yawa, farashi ya sauko. A nan yankinmu ma, a 2013 wani mutumin Togo, Afate Gnikou, ya haɗa irin wannan inji a birnin Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci. Yau yawancin na gida da ke zuwa kasuwanninmu ƙirar Sin ne, irin su Ender 3 na kamfanin Creality wanda ya fito a 2018.

Hanyar da zare ke bi

Abincin injin shi ne zaren roba, wasu na ce masa filamen. Yana zuwa a naɗe kamar gammo, yawanci kilo 1, kaurinsa milimita 1.75. Daga gammon zuwa waje zaren yana ratsa zango biyar, kuma wanda ya haddace su ya gama rabin gyara.

Na farko giyar turi, wato ɗan ƙarfe mai haƙora da ke cizon zaren yana tura shi gaba. Na biyu farin bututu mai santsi, na Teflon, da zaren ke bi ta ciki. Na uku maƙogwaro, wani siririn bututun ƙarfe da ke cikin ƙarfe mai haƙarƙari, da 'yar fanka tana hura masa iska ba tsayawa. Na huɗu tubalin zafi, ɗan dunƙulen alminiyam mai ɗauke da abin ɗumamawa da ma'aunin zafi. Na biyar nozul, wato bakin da narkakkiyar robar ke fita.

Masu babur da masu janareto sun san nozul da jet na kafireta, masu feshin kaska sun san bakin famfon feshi. To wannan ɗan'uwansu ne. Raminsa milimita 0.4 ne a yawancin injuna, kaurin silin gashin kai kamar 5 ko 6. In aka gwada girman filin bakin zaren da girman filin ramin, ba kaurinsu ba, zaren ya ninka shi kusan sau 19. Kamar a ce garken da ke tafe a burtali jere 19 ne aka ce ya shiga ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Kun ga ashe ƙwayar yashi guda ta isa ta tsayar da tafiyar.

Ga ƙa'idar da komai ya rataya a kanta: dole zaren ya zama da tauri a sama, narkakke a ƙasa. Mai taurin ne ke tura narkakken, kamar yadda sandar sirinji ke tura magani. In ƙasa bai yi zafi sosai ba, robar ba ta narke ba. In zafi ya hau sama, sandar ta yi laushi ta kumbura ta maƙale. Duk biyun sakamakonsu ɗaya, ba abin da zai fito.

Alamomin da za a lura da su

Injin yana faɗin ciwonsa, sai dai in ba a saurara ba. Ƙarar ƙas-ƙas daga giyar turi tana nufin giyar na turawa amma gaba ya ƙi karɓa. Kaya ya fito da ramuka-ramuka kamar soso, ka matsa shi ya ɓare, robar da ke fita ba ta kai yadda ake so ba. Zaren ya fito siriri ya lanƙwashe ya manne a gefen nozul maimakon ya sauka kai tsaye, akwai datti a gefe ɗaya na ramin. Ka ji tas-tas kamar ana soya abu, da ɗan tururi, zaren ne ya sha danshi. In kuwa aiki ya fara lafiya, sai bayan minti 20 ko 30 ya tsaya, kuma kullum haka, to a duba zafi da fanka.

Gwajin farko, kafin a kwance ko da noti ɗaya

Kuskuren masu koyo shi ne ɗaukar sifana tun kafin su san inda ciwon yake. A'a. Ka ɗaga kan injin sama da faranti kamar tsawon yatsa. Ka kunna zafi ya kai na zaren da ke ciki. Robar PLA, wadda ta fi yawa a kasuwa, tana aiki tsakanin digiri 190 da 220 na ma'aunin Selsiyos. PETG tana son 230 zuwa 250. ABS ita ma daga 230 zuwa sama. In zafin ya tsaya, ka danne marikin giyar turi don ta saki zaren, ka tura shi da hannunka a hankali.

Abu uku ne zai faru. In robar ta fito sumul ta sauka kai tsaye, nozul lafiyarsa ƙalau, matsalar tana baya, kada ka taɓa shi. In ta fito da ƙyar, siririya, tana murɗewa, toshewar rabi ce. In ko motsi bai yi ba, toshewa ce gaba ɗaya, ko dai a nozul ko a maƙogwaro.

Gyara, daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Mataki na 1: ƙara zafi. Ka ƙara digiri 10 zuwa 20 a kan wanda ka saba, ka sake turawa da hannu. Sau da yawa ragowar wata roba ce mai son zafi ta rage a ciki. Misali an yi aiki da PETG a 240, aka sa PLA a 200, ragowar PETG ɗin ta ƙi narkewa. Duk ranar da za ka sauya zare, ka wanke ciki da sabon zaren a zafin wanda ya fi son wuta a cikin su biyun, har launin ya fito tas.

Mataki na 2: allura. Yawancin injuna suna zuwa da wata siririyar allura a cikin kwalin. Don nozul mai 0.4 ana son allurar da ba ta kai shi kauri ba, kamar 0.3 ko 0.35. Nozul yana da zafi za ka soka ta daga ƙasa, ka shigar ka fitar sau kaɗan, sannan ka tura zare daga sama. Kada ka sa allurar ɗinki ko ta allurar shanu. Sun yi kauri, kuma nozul na farin ƙarfe ba ne, na tagulla ne mai laushi, za su buɗa ramin su ɓata shi. Ka kuma sani allura ba ta fitar da datti, ture shi take yi gefe. Shi ya sa wani lokaci injin ya yi kwana biyu ya koma gidan jiya.

Mataki na 3: ja da ɗumi. Wannan ita ce dabarar da ke fito da dattin waje, kuma ita muka fi so yaron ya iya. Ka samu zare fari ko mai haske don ka ga abin da ya kwaso. In injin irin mai dogon bututu ne, ka cire bututun daga saman kan tukuna. Ka kai zafi 210 ko 220, ka tura zaren da hannu har ya ɗan fito, ko ya cika ciki. Sai ka kashe zafin, kana ci gaba da ɗan dannawa na ɗan lokaci don kada a bar gurbi. Ka zuba ido kan lambar zafi. In ta sauko wajen 90, ga PLA ke nan, ka riƙe kan injin da hannu ɗaya, ka fizgo zaren sama da ƙarfi daidai, ba da fushi ba.

Abin da ke faruwa shi ne, a wannan ɗumi robar ta daskare ta riƙe dattin, amma ba ta manne wa ƙarfe ba. In ka dubi bakin zaren za ka ga siffar cikin nozul, da baƙaƙen ɗigo a jiki. Ka yanke wurin, ka maimaita sau 3 ko 4 har ya fito fes da ɗan tsini a bakinsa. In zaren ya miƙe kamar cingam, ka ja da wuri, ka bari ya ƙara hucewa da digiri 5 ko 10. In ya ƙi fita ko ya tsinke, ya huce da yawa, ka ƙara zafi kaɗan.

Mataki na 4: sauya nozul. In duk wannan bai yi ba, kada ka ɓata yini guda a kan abin da ake sayarwa da araha cikin leda. Amma akwai ƙa'ida. A irin injunan da nozul ke da zaren noti, ba a kwance shi da sanyi, domin busasshiyar roba ta riƙe shi kamar gam, in ka matsa sai ya karye a ciki. Ka sa zafi, ka zare zaren, sannan ka kashe injin ka yi sauri tun bai huce ba. Ka riƙe tubalin zafi da sifana ɗaya don kada ya juya, ka kwance nozul da wata, yawanci lamba 6 ko 7. Ka kiyayi wayoyin da ke shiga tubalin, musamman sirara biyu na ma'aunin zafi, da ɗan taɓi suke tsinkewa. Ka ɗaura sabo, ka sake sa zafi ya kai wajen 240, sannan ka yi masa ɗaurin ƙarshe, a hankali. In aka ɗaure da sanyi kawai, ƙarfe zai buɗe da zafi, roba ta riƙa yoyo ta saman tubalin. Wasu sababbin injuna kuma nozul da maƙogwaro a haɗe suke, ana cire su gaba ɗaya da sanyi, don haka a duba littafin injin.

Wasu suna ƙona tsohon nozul a wuta don robar ta cinye. Yana yi wani lokaci, amma toka kan rage a ciki, kuma yashi ba ya ƙonewa.

Mataki na 5: bakin farin bututu. A injuna masu araha da yawa, bututun Teflon yana sauka har ya taɓa bayan nozul. In ya ɗan ja baya, ko bakinsa ya ƙone ya yi baƙi, sai a samu gurbi, narkakkiyar roba ta taru a wurin ta zama toshe. Mutum ya sauya nozul uku bai ga sauƙi ba, alhali ciwon na nan. Ka ciro bututun, ka yanke ƙonannen bakin da reza, yanka madaidaici ba karkace ba. Ka sassauta nozul kamar juyi ɗaya, ka tura bututun har ƙasa, ka kulle marikinsa, sannan ka ɗaure nozul da zafi ya matse shi.

In nozul lafiya lau ne fa?

Sai a koma baya. A fara da giyar turi. In ta daɗe tana cizon wuri ɗaya, tana cinye zaren, garinsa ya cika haƙoranta, ta koma santsi. Tsohon buroshin haƙori ya isa ya share ta. A duba ɗan notin da ke riƙe giyar a jikin sandar mota, yakan kwance, sandar na juyawa giyar na tsaye. A duba marikin da ke matse zaren, in na roba ne yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Akwai na ƙarfe a kasuwa.

A duba gammon. In aka saki bakin zare ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa, sai ya sarƙe kamar igiyar guga, ya yi ta tafiya har wata rana ya cije. Kullum in ka cire zare ka soka bakinsa a ramin da ke gefen gammon.

A duba tazarar nozul da faranti. In ya matse da yawa, faranti ne ya toshe bakin, ba datti ba. Alamarsa layin farko ba ya fitowa, ko ya fito kamar shafe. Ka sa farar takarda tsakaninsu, ta riƙa wucewa da ɗan jan ƙafa, a kusurwa huɗu da tsakiya.

A duba lissafin kwamfuta. In an ba injin gudu fiye da yadda zai iya narkarwa, giya za ta yi ƙas-ƙas ko da komai tsaf yake. Ka rage gudu ko ka ƙara zafi kaɗan. Akwai kuma ja da baya da injin ke yi wa zare in zai tsallaka wuri. Mai dogon bututu yana son kamar milimita 4 zuwa 6, wanda giyarsa ke bisa kai kuwa 0.5 zuwa 2. In ya yi yawa, yana janyo narkakkiyar roba zuwa wuri mai sanyi ta daskare a can.

Ga gwaji mai sauƙi don sanin ko turin ya cika. Ka auna milimita 120 daga inda zare ke shiga giya, ka sa alama da biro. Ka umarci injin ya tura 100. Ya kamata 20 su rage. In 30 ko 35 suka rage, turin bai cika ba.

Kowane lokaci da irin ciwonsa

Yawancin littattafan injunan nan ba su san yanayinmu ba, don haka wannan ɓangaren namu ne.

Hunturu: ƙura. Zaren roba yana jan ƙura, ita kuma ba ta narkewa, sai ta bi shi har ramin nozul. Muna kyautata zaton wannan ne ya kama injin ɗan Baba, tunda shagon a bakin kasuwa yake. Maganinsa kusan kyauta ne. Ka yanki ɗan soso, ka tsaga shi, ka rungume zaren da shi kafin giyar turi, ka ɗaure da ƙyauro ko waya. Bayan mako ka buɗe ka ga abin da ya tare, gani ya kori ji. In an tashi aiki a rufe injin da zane, gammon kuma a mayar cikin leda.

Bazara: zafi. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Ƙonni da Maraɗi da Njamena zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. PLA kuwa tana fara laushi tun wajen 60. Ka ga tazarar ba yawa. Iskar da fanka ke hura wa maƙogwaro ita kanta mai zafi ce, in kuma ƙura ta rage mata gudu sai zafi ya hau sama, zaren ya kumbura inda bai kamata ba. Shi ne injin da ke fara aiki lafiya ya tsaya bayan rabin awa. In ka ciro zaren za ka ga bakinsa ya yi kauri. A share fankar, a tabbatar tana juyawa duk lokacin da tubalin ke da zafi, a buɗe ƙofar akwatin in injin mai akwati ne, a yi dogon aiki da dare ko da asuba.

Damina: danshi. Roba tana shan ruwan iska, PETG da nailan sun fi PLA sha. Ruwan ya shiga wuta ya zama tururi, shi ne tas-tas ɗin nan, kaya ya fito da gashi-gashi da kumfa. PLA da ta daɗe a buɗe kuma takan riƙa karyewa. A busar da PLA a digiri 45 na awa 4 zuwa 6, PETG a wajen 65. Wanda ba shi da injin busarwa ya kwantar da gammon a kan farantin injin, ya sa zafin farantin daidai haka, ya kifa kwali mai 'yan ramuka a kai, yana kusa yana lura. Kada a shanya a kan kwanon rufi, zaren zai manne da juna. Ajiya kuma a bokiti mai marfi, tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani.

Ɗaukewar wuta: wannan ba shi da lokaci. In wuta ta tafi tubalin na kan 200, fanka ta tsaya, zafi ya hau maƙogwaro. Saboda haka ko kai ne za ka kashe injin, ka bari lambar ta sauko ƙasa da 50 tukuna. In wuta ta dawo bayan ta yanke a tsakiyar aiki, ka sa zafi ka gwada turi da hannu kafin ka ɗora sabon aiki. Mai hali ya haɗa da batir da inbata.

Saƙo ga masu fatauci

Alhazai da hajiyoyi masu ɗauko kaya daga Kwatano da Lome da Legas da Kano, ku bi ta Illela ko Jibiya ko Maigatari ko Gamboru, ga naku. Kwalin zare ba buhun gishiri ba ne. In mota ta kwana biyu a rana tana jiran takardun kwastan ko duwan, kwalin da ke sama ƙarƙashin tamfol yana iya yin zafin da PLA za ta yi laushi ta lanƙwashe. Ku sa shi a tsakiyar kaya. Kada a farke ledar da aka tsotse wa iska don nuna wa mai saye launi, in ta fashe danshi da ƙura sun samu ƙofa. Ku duba rubutun jikin kwali, akwai zare mai kaurin 2.85, ba ya shiga injin 1.75. Zaren da kaurinsa ba daidai ba ne, nan kauri can siriri, yana toshe inji komai tsabtarsa. Araha ba ta ado, mai saye in ya ƙone sau ɗaya ba zai dawo ba.

Wasu injuna suna da ɗan maɓalli a jikin akwatin wuta, 115 ko 230. Wutar ƙasashenmu 220 zuwa 230 ce. In injin ya fito daga Amurka yana kan 115 aka jona shi haka, akwatin wutar zai ƙone nan take. A duba kafin a jona.

Mai son riba kuma ya haɗo da ƙananan kaya: nozul, allurai, bututun Teflon da marikansa, fanka, ma'aunin zafi. Ba su da nauyi, kuma wanda injinsa ya tsaya ba ya dogon ciniki. Sai dai nozul iri-iri ne, tsawonsu ya bambanta, ku tambayi sunan injin. Zare mai garin katako a ciki yana son rami 0.6. Mai haske da dare da mai garin kabon suna cinye tagulla, sai nozul na baƙin ƙarfe mai tauri.

Gargaɗi uku

Na ɗaya, nozul yana kan digiri 200 ko fiye, ninki biyu na tafasasshen ruwa, kuma ba ya ja balle a gane. A riƙe shi da filaya, a hana yara zuwa kusa, kada a bar injin yana aiki ba kowa.

Na biyu, bututun Teflon yana fara lalacewa in zafi ya haura wajen 250, kuma hayaƙinsa yana kashe tsuntsaye. Kada a ajiye injin ɗaki ɗaya da kaji ko 'yan tsaki ko tantabaru, kuma a bar taga a buɗe, musamman in ana aiki da ABS.

Na uku, wata mai sauraro ta tambaya ko za a iya yi mata ludayi da mazubin nono. Hajiya, ki riƙe ƙwaryarki. Kayan da injin ya yi suna da ƙananan tsagogi tsakanin layi da layi, nono yana maƙalewa, wanki ba ya fitar da shi, ruwan zafi kuma yana lanƙwasa PLA. Haka kayan allurar dabbobi, a saya na asali. Abin da zai zauna a rana kuwa, kamar marikin waya a babur, a yi shi da PETG.

To Baba, ga abin da za ka gaya wa yaron. Ya fara da turi da hannu, ya gwada allura, ya yi ja da ɗumi sau uku ko huɗu. In ya ƙi, ya sauya nozul ya duba bakin bututu. In ya tashi, ya ɗaura soso, ya samo zanen rufi. Ya kuma sayi nozul biyar ya ajiye tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Muna jiran ka aiko mana da yadda aka ƙare, mu sanar da sauran masu sauraro.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu tsaya kan famfon feshin kaska, yadda ake wanke bakinsa da sauya robarsa. Mai tambaya ya aiko tun da wuri. Allah Ya tsare hanya, Ya ba dabbobi lafiya, Ya sa albarka a kasuwa. Mu kwana lafiya.